Yagana Huɗu a Takarda, Uku a Tsakar Gida

Jiya da hantsi ɗaya daga cikinku, mai wandon nan da bai kai idon sawu ba, ya leƙo ta kafaɗata ya ga ina bin sunayen ɗaliban wata makaranta layi bayan layi, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kalma ɗaya ce. Ka rubuta distinct ka huta." Na yi masa godiya. Shekara wajen talatin ina wannan aiki a Jimeta, ashe ina jiran wanda aka haifa bayan na ƙona kwamfutata ta biyu ne ya zo ya koya mini kalmar.

To ku zauna, ku ajiye wayoyin nan, in gaya muku abin da kalmar taku take yi.

Rumbun bayanai tebur ne kawai, kowane layi mutum ɗaya ko kaya ɗaya. Kana yi masa tambaya, yana ba ka amsa. Ka ce ya haɗa maka mutane rukuni-rukuni, 'yan aji ɗaya wuri ɗaya, ko 'yan gida ɗaya wuri ɗaya, sai ya haɗa. Amma da zarar ka jona tebur biyu, na sunaye da na zuwa karɓar magani misali, wanda ya zo sau uku zai fito maka sau uku. Wannan shi ne maimaici, shi muke cirewa. Kalmar taku kuwa ba ta san mutum ba. Abin da ta sani shi ne layi biyu sun yi kama a gurbin da ka nuna mata. Ka nuna mata gurbi kaɗan, ta dunƙule mutum biyar su zama ɗaya. Ka nuna mata gurbi da yawa, ta bar maka mutum ɗaya ya zama biyar, don an rubuta shi Muhammadu a nan, Mohammed a can, Moh'd a wani wuri, Hammadu a inda Bafulatani ya riƙe biro, Mamman a inda kakarsa ta ba da sunan. Wauta ce mai saurin gudu, ba wani abu ba.

Aikin farko da aka ba ni, sunayen marasa lafiyar wani ƙaramin asibiti ne. Lokacin ina yaron shago a wurin Bappa Hammajo, wani dattijo ɗan Wuro Hausa da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya buɗe shagon buga takardu kusa da kasuwar Jimeta. Kwamfuta ɗaya gare mu, mai baƙin allo da koren rubutu, ana lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Bayanai a faifan fulofi suke, shi ma fulofin in ya ji zafin Yola sai ya narke maka aikin mako guda. Janareto sai an roƙe shi. Na zauna na rubuta tambayata, na cire duk sunan da ya fito sau biyu, na buga, na kai wa Bappa ina tafiya ina taƙama.

Bai ko kalli allon ba. Ya ɗauko rula ta katako da jan biro, ya aza rular a ƙarƙashin layin farko na tsohuwar takardar, ya fara saukowa da ita a hankali. Can ya tsaya.

"Aisha Umar nawa ne a Jimeta?"

Na ce ban sani ba.

"Kai dai ka bar guda ɗaya. Sauran ka aika su lahira ba wanka ba sallah."

Ɗaya mai ciki ce, ɗaya tsohuwa mai hawan jini, ɗaya jaririya. Da an bi takardata, da an ba jaririya maganin tsohuwa. Ranar ya kafa mini doka, kuma ita nake kafa muku kuna murguɗa baki. Ba a goge layi. Ana ɗauke shi ne a kai shi wani tebur na gefe, shi yana kiransa zaure, a rubuta dalili, a rubuta wanda ya ɗauke. Kuma kafin ka ce layi biyu mutum ɗaya ne, sai ka iya faɗin abin da ya sa, da baki, a gaban mai sunan. Ya ce, "Kama da wane ba ta wane ba ce." Na yi shekaru a ƙarƙashinsa ina jan rula kafin ya yarda in taɓa bayanan kowa ba ya kusa. Ku kuwa sati uku da zuwanku kuna tambayata yaushe za a ba ku lambar sirrin sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan.

Masu kawo aiki kuma kowa da cutarsa. Akwai wani mai sayar da kayan gyaran mota da ya kawo mini lissafin kayan shagonsa, ya ce, "Oga, just clean am, e too plenty," wato in share, sun yi yawa. Na nuna masa cewa bel ɗin fanka da ya fito sau shida ba ɗaya ba ne, kowanne da girmansa, yaronsa ne bai rubuta girman ba. Ya ce shi dai a rage. Na ƙi. Ya kai wa wani a bayan tasha ya rage masa, bayan wata biyu ya dawo yana neman in tono masa abin da aka binne. Akwai hedimastan da yake son a cire maimaici a jerin malamai amma kada a taɓa na ɗalibai, don yawan ɗalibai shi ke kawo kujeru. Akwai shugaban ƙungiyar manoma da sunan surukinsa ya fito sau huɗu, na cire uku, ya ce kwamfutata ba ta da tarbiyya. Kowa yana son gaskiya, amma a teburin maƙwabcinsa.

Duk wannan wasan yara ne a kan shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga.

Ku da yawanku kuna firamare lokacin. Mutane suka kwararo Yola ta kowace hanya, a bayan tifa, a kan babur, mafi yawa a ƙafa. Makarantu suka cika, masallatai da coci-coci suka cika, amma waɗanda suka shiga gidajen mutane sun fi waɗanda suka shiga sansani yawa nesa ba kusa ba. Gidan da yake dafa mudu biyu ya koma dafa bakwai. Bappa Hammajo ya riga ya kwanta ciwo, shagon yana hannuna. Wata ƙungiyar agaji, ba sai na faɗi sunanta ba, ta ɗauke ni in riƙe mata bayanan rabon abinci a wani ofis a Karewa.

Yadda aka tattara bayanan nan, Allah ya kiyaye ku da gani. An ba yara irinku fom, an ce su cika. Mutum ya sauka a makaranta an rubuta shi. Bayan sati ya sami ɗan'uwa a Yolde Pate ya koma, an sake rubuta shi. An zo ta hannun Jauro, mai unguwa ke nan, an kuma rubutawa. Mai cikawa ba ya jin Kanuri, ba ya jin Margi, ba ya jin Higgi, abin da kunnensa ya kama shi yake sawa. Gurbin shekaru kuma wani mai hikima a babban ofis ya yanke cewa a riƙa sa "ƙasa da goma" ko "sama da goma" don a yi sauri. Gurbin sunan uba, in yaro ba shi da uba a wurin, sai a sa sunan wanda ya kawo shi. An yi saurin kuwa.

Buhuna ana ƙirga su ne da yawan layi, amma ba a taɓa kawo su daidai da layin ba. Na tsaya a wurin rabo na gani da idona: ana kiran suna daga sama, buhu yana ƙarewa, waɗanda suke ƙarshen jeri su juya hannu wofi, mace da goyo ta kama hanyar gida ƙarƙashin ranar Yola. Duk layin ƙarya guda a sama, baki ne na gaskiya a ƙasa da zai kwana da yunwa. Don haka kada wani cikinku ya ɗauka cire maimaici mugunta ce. Barinsa ma mugunta ce, sai dai ita ba a ganin fuskar wanda aka yi wa.

Shugaban ofishin, Oga Filibus, mutumin kirki ne, amma ana matsa masa daga sama cewa alƙalumanmu sun kumbura. Ya ce in haɗa kowa ƙarƙashin mai riƙonsa, in fito da masu maimaici. Na haɗa. Na cire ɗaruruwa waɗanda ba su da gardama, lambar kati ɗaya, hoto ɗaya, an dai shigar sau biyu. Sai na iso wani rukuni. Mai riƙo: Fanna Modu, daga wani ƙauye ta wajen Bama. A ƙarƙashinta layi huɗu. Yagana Fanna, mace, ƙasa da goma. Yagana Fanna, mace, ƙasa da goma. Haka har huɗu, ba bambancin ko ɗigo, sai lambar kati.

Kalmarku da ta bar ɗaya ta haɗiye uku, cikin ƙiftawar ido. Mutanen ofis ma haka suka so. Mai kula da sito ya ce ya san tsohuwar, kullum da kati a ƙulle a bakin zane kamar mai adashi, ai irinsu ne suke cinye rabon jama'a. Oga Filibus ya ce, "Malam Sa'idu, in kana da shakka ka je ka gani, amma kafin rabon sati mai zuwa nake son jerin."

Na buga hotunan katunan huɗu, waɗanda aka ɗauka da waya a cikin rana, fuska duk ta yi baƙi. Na hau keke zuwa Yolde Pate. Jauro ya sa aka nuna mini gidan. Gidan wata bazawara ce, Adda Halima, mai ɗinki da keken ƙafa, ɗaki biyu da rumfar zana. Ita da 'ya'yanta a ɗaki ɗaya, baƙin a ɗayan. Ba danginta ba ne. A bakin masallaci ta tsince su.

Ya Fanna, wato Fanna Modu ɗin, tana zaune a tabarma tana tsince wake, doguwar tsohuwa da zanen Barebari a fuska. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Na gaishe ta, na faɗi daga inda nake. Ta dube ni, ta dubi takardar hannuna, ba ta ce in zauna ba.

Na ce, "Iya, Yagana nawa gare ki?"

Ta ɗaga murya ta yi kira da Kanuri. Yara mata uku suka fito daga bayan rumfa, babbar ba ta wuce tara ba, ƙaramar tana tsotsar yatsa.

"Wannan Yagana na Bukar. Wannan Yagana na Ali. Wannan na Mustafa. 'Ya'yana maza ne, kowa ya haifi mace ya sa masa sunana. Ba a kiran sunan uwa, sai a ce Yagana. Kai ba ka san wannan ba, kana rubuta mutane?"

Na tambayi iyayen. Ta ce Bukar da Ali an yanka su a ƙofar gida. Mustafa ya fita tun kafin nan, ba labari. Matan kuma an tafi da su. Ta faɗa kamar mai ba da farashin wake. Daga ƙauye ta kwaso jikokin zuwa Mubi, suka yi 'yan watanni, Mubi ma ta faɗi, suka sake kama daji.

Kun ji ko? Yara uku daban, uwa daban, uba daban, ciki daban. Da na bi ta taku, biyu daga cikinsu sun daina ci daga sati mai zuwa, kuma ba wanda zai san dalili, don allo zai nuna komai tsaf.

Amma layi huɗu ne a hannuna, yara uku a gabana. Na jera hotunan a kan tabarma. Na ɗaya da na huɗu, ɗankwali daban, wuri daban, ɗaya a makaranta aka ɗauka, ɗaya a ƙofar gidan Jauro. Sai dai yarinyar da ke ciki kunnenta na hagu a tsage yake, inda ɗan kunne ya taɓa yagewa. Na ɗaga kai na dubi babbar, Yagana ta Bukar. Ta sa hannu ta rufe kunnen.

Na ce, "Iya, ta huɗun fa?"

Keken ɗinkin Adda Halima ya tsaya.

Ya Fanna ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Akwai shi. Na 'yata Kaka ne, Yagana na Kaka. Huɗu na fito da su daga Mubi. A wajen rafi aka yi harbi, mutane suka watse, hannunsa ya fita daga nawa. Na nema har rana ya faɗi."

"To wa aka ɗauka a hoton nan?"

"Ɗan'uwansa. Na sa masa ɗankwalin wancan, yana wurina. Na ce a rubuta. In ya zo ya tarar da sunansa, ya tarar da abincinsa. Yara suna zuwa. Wancan sati ma an kawo na wata mata daga Kamaru."

"Abincin fa, kafin ta zo?"

Ta nuna Adda Halima da haɓa. "Shi ba ɗan gudun hijira ba ne, ba a ba shi kati. Mu biyar muka sauka a kansa da maigidana, tsohon da ya rasu. Ruwa nasa, itace nasa, sabulu nasa. In zauna ina ci ina kallon 'ya'yansa?"

Adda Halima ta ce, "Malam, ni ban roƙa ba. Allah ya sani ban roƙa ba. Ita ke zubawa a tukunyata in na juya baya."

Na ce na sani.

To ga aikin da kuke cewa kalma ɗaya ne. Ba ɓarauniya ba ce, kuma layin maimaici ne. Yarinya ɗaya, kati biyu. Ba ta yadda za ka juya shi ya zama wani abu. Na ciro biro na rubuta sunan uban kowace a gefen hotonta, Bukar, Ali, Mustafa, don kada wani mai gaggawa ya zo bayana ya dunƙule su. Sannan na gaya mata da bakina, a tsakar gidan, cewa uku za su tsaya, na huɗu zan ɗauke shi. Na ce ba gogewa zan yi ba, ajiyewa zan yi a gefe, ranar da yarinyar ta zo ta kawo ta, da hannuna zan mayar.

Ta ce, "Gefe ana cin abinci a wurin?"

Na ce a'a.

Ta ajiye faifan waken. Ta miƙe, ta fi ni tsawo. Ta ce, "Waɗanda suka kashe 'ya'yana sun bar mini gawa na binne. Kai ka goge shi tun ba a kawo mini gawarsa ba." Ta ƙara wasu kalmomi da Kanuri waɗanda ban nemi fassara ba. Ta kwance katunan daga bakin zane, ta mayar da uku ta ƙulle, na huɗun ta jefo mini a ƙafa.

Na ɗauka na koma Karewa. Na ƙara gurbin sunan uba a teburin gaba ɗaya, na sake yin tambayar, sai ga gidaje irin nata da yawa sun fito, masu Modu uku, masu Falmata biyu, masu tagwaye. Na bi waɗanda zan iya bi da keke, sauran na aika wa masu unguwa. Jerin bai isa ranar da aka so ba, an yi mini faɗa a waya daga Abuja, wani yaro da bai taɓa taka Yolde Pate ba yana tambayata ko na san ana iya yin abin nan cikin daƙiƙa. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Na kai wa Oga Filibus maganar masu masauki irin su Adda Halima, ya rubuta, ya aika sama. Aka ce za a duba. Har ƙungiyar ta naɗe tabarmarta ta bar Yola ana dubawa.

Buhun da aka rage daga Ya Fanna ya je hannun wani a ƙarshen jeri. Ban san ko wane ne ba. Ba a sanin wannan, kuma shi ma bai san ni ba, balle ya gode.

Yarinyar ba ta zo ba, har aka rufe ofishin. Bayan nan ban ji an ce ta zo ba, ban kuma ji an ce an ga gawarta ba.

Ya Fanna ba ta koma Barno ba. Tana nan kasuwar Jimeta, layin masu kayan miya, tana sayar da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Jikokin sun girma, babbar tana koyon ɗinki a wurin Adda Halima. Matata takan sayi daddawarta, ta ce duk layin ba mai irin tata, kuma tsohuwar har gyara take yi mata, don ba ta san matar wa ce ba. Watan jiya matar tawa ba ta da lafiya, ta aike ni. Na je na tsaya a gaban tiren, na yi sallama. Ta ɗago, idon ya yi fari-fari yanzu, ta ƙura mini shi ta daɗe.

Na ce, "Iya, daddawa nake so."

Daddawar tana gabanta a tule, ko rabi ba a saya ba. Ta ja buhu ta rufe.

Ta ce, "Ya ƙare."